Talotalon daji ya faɗi, sai me? Yanka, fiɗa da girki

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jihar Wiskonsin ta Amurka. Wani abokin karatuna ya gayyace ni farautar talotalon daji a gonar iyayensa cikin watan Mayu, har na yanki lasisi. A gida na sha yanka kaza da zabo in fige, amma ban taɓa riƙe tsuntsu mai girman wannan ba. Idan Allah ya ba ni sa'a, me zan fara yi? Figewa ake yi ko feɗewa? Kuma da gaske ne namansa ba ya ciwuwa saboda tauri, kamar yadda wani ya gaya mini?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka uku ce a dunƙule: abin da za ka yi a sa'ar farko bayan tsuntsun ya faɗi, hanyar da za ka bi wajen cire gashinsa, da kuma yadda za a yi naman ya ciwu. Ta ƙarshen zan fara taɓawa, domin ita ce ke juya sauran biyun. Wanda ya ce maka naman ba ya ciwuwa, ina kyautata zaton ya gasa tsuntsun ne ɗungurungum a cikin oben, yadda mutanen nan ke yi wa talotalon kanti a bikin godiyarsu na watan Nuwamba. Ni ma haka na yi wa na farko da na harbo. Na shafe shi da yaji, na tura oben, na gayyato mutane. Ƙirjin ya fito a bushe kamar ana tauna auduga, cinyoyin kuwa wuƙa ma sai da ta sha wuya. Uwargida ba ta ce komai ba a gaban baƙi, ta dai ɗora tukunyar shinkafa da wake, kowa ya gane.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san bambancin kazar gidan gona da zabon daji. Talotalon kanti an ƙirƙiro irinsa ne don ya tara tsoka, ana yanka shi yana ɗan watanni huɗu zuwa biyar, bai taɓa gudu ba balle tashi. Na daji kuwa yini yake yana tafiya yana tonon ƙasa, idan ya tsorata yakan yi gudun da ya kai kilomita 40 a awa, kuma kullum magariba sai ya tashi ya hau bishiya ya kwana. Namijin da ake harbowa a Afrilu da Mayu galibi ya shekara biyu ko uku, nauyinsa tsakanin kilo 7 zuwa 11. Saboda haka nama iri biyu ne a jikin tsuntsu ɗaya: farin ƙirji marar kitse da ke son wuta kaɗan, da baƙaƙen ƙafafu masu jijiya da ke son sa'o'i a cikin ruwa. Babu wutar da za ta yi wa dukkansu adalci a lokaci guda. Idan ka riƙe wannan, rabin aikin ya ƙare.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani kafin ka shiga gonar: tsuntsun nan ya taɓa ƙarewa ƙaf a jihar da kake, tun ƙarshen ƙarni na 19, saboda sare dazuka da harbi ba ƙa'ida. A 1976 aka kamo wasu daga jihar Misuri aka sake su a kudu maso yammacin Wiskonsin, aka biya Misuri da wani tsuntsu mai kama da makwarwa. Duk waɗanda za ka gani jikokin irin wannan aikin ne, shi ya sa hukuma ba ta wasa da dokokinsa. A kakar Afrilu da Mayu namiji ko mai gemu kaɗai ake harbi, kuma dole ka yi rajistar abin da ka harbo, a jiharku kafin ƙarfe 5 na yammacin washegari. Karanta littafin dokokin wannan shekarar da kanka, domin suna sauyawa. Kuma tunda da bizar karatu kake, lasisin farautar nan shi ne abin da dokar tarayya ta dogara da shi ta ba ka damar riƙe bindiga. Kada ya bar aljihunka.

Daga faɗuwarsa zuwa yanka

Da bindiga mai watsa ƙananan ƙwayoyi ake harbinsa, kuma kai da wuya ake nufa, daga nisan da bai wuce mita 35 ba ko kusa da haka. Gashin jikinsa da ƙasusuwan fukafukansa sulke ne. In ka harbi jiki, ko dai ya tsere da rauni ya je ya mutu a wani wuri, ko ka cika ƙirjin da dalma.

Ka yi niyya ka yi bisimilla lokacin da za ka danna kunamar. Da ya faɗi, sa wa bindigar makullinta, ka nufe shi da sauri da wuƙa mai kaifi wadda ka riga ka ajiye inda hannu zai kai. Abin da aka karantar da mu shi ne dabbar farauta idan ka riske ta da sauran rai, wajibi ne ka yanka ta, sakaci da hakan yana ɓata ta. Ni kowane tsuntsu nake yankawa, ko da na ga alamar ya riga ya cika, domin jinin ma ya fi fita. Amma idan abokinka ne ya harba, kuma shi ba Musulmi ba ne, wannan mas'ala ce mai rassa wadda malamai suka yi saɓani a kanta. Ni mafarauci ne, fatawa ba aikina ba ce. Ka tambayi malaminka tun kafin ranar, ba kana tsaye a kan tsuntsu yana shure-shure ba.

Shure-shuren kuma ba irin na kaza ba ne. Talotalon da aka harba a ka yakan yi ta dukan ƙasa da fukafukai har na minti ɗaya ko biyu, kuma a bayan kowace ƙafa yana da ƙaya irin ta zakara, wadda a tsohon namiji takan wuce santimita biyu da rabi, da tsini kamar ƙusa. Kada ka cafki ƙafar da hannu tsirara yana cikin wannan hali. Ka zo masa ta baya, ka danne fukafukan da gwiwa ko takalmi, ka riƙe kan, ka yanka ƙasa kaɗan da muƙamuƙi yadda ka saba. Sannan ka ɗaga shi ta ƙafafu, sama da ƙayar, jinin ya tsiyaye.

Zafi ne abokin gaba

Zafin jikin tsuntsu ya kai kusan digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, kuma talotalo yana sanye da gashi dubu biyar zuwa shida da ke riƙe wannan zafin kamar bargo. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa tsakanin digiri 4 zuwa 60, kuma hanjin cike yake da su. To ka ga tsuntsun da aka jefa bayan mota, aka tsaya ɗaukar hotuna da karin kumallo, ana dafa shi ne a hankali da ƙazantar cikinsa. Yawancin abin da mutane ke kira ƙarnin naman daji daga nan yake samo asali.

Ƙa'idata ita ce: idan safiyar da sanyi, kuma zan isa inda zan yi aiki cikin awa ɗaya, nakan bar shi yadda yake. In rana ta ɗaga, ko hanya da nisa, ko na ga alamar ƙwaya ta shiga ciki, a wurin nake fitar da kayan cikin. Ka kwantar da shi rigingine, ka laluba ƙarshen ƙashin ƙirji, ka tsaga fata daga nan zuwa dubura, bakin wuƙar yana kallon sama, yatsu biyu a ƙarƙashi suna ture hanji. Ka zagaye duburar da wuƙa ba tare da ka huda ta ba. Ka zura hannu har can sama, ka kamo zuciya da ƙundu, ka jawo komai a tare. Huhun ba ya biyowa, yana manne a tsakanin haƙarƙari, sai ka kankare shi da yatsa. Ka goge cikin da tsumma mai tsabta ko takardar goge hannu, ka cusa ledar ƙanƙara a ciki. Kada ka wanke da ruwan rafi, kuma kada ka ƙulle tsuntsu mai ɗumi a leda.

Akwai wuri na biyu da sabon shiga ke mantawa: jakar abinci da ke gindin wuya, a saman ƙirji. Ka tsaga fatar wurin a hankali ka ɓanɓaro ta da yatsu ba tare da ta fashe ba, domin abin da ke cikinta saurin tsami gare shi, kuma a kan mafi kyawun naman take zaune. Nakan buɗe ta a gefe don in ga abin da ya ci. Na bara na samu ƙwayoyin masarar da suka zube a gona tun girbi, da koren ganye, da wasu baƙaƙen ƙwari guda uku da ƙafafunsu ba su ko karye ba. A kewayen jakar, a jikin namijin wannan kaka, za ka tarar da wani kitse mai ruwa-ruwa kamar soso, wanda yake tarawa don lokacin barbara da ba ya samun sukunin kiwo. Ba cuta ba ce, amma ka yanke shi ka yar, ba ya daɗi kuma shi ke fara lalacewa.

Zuciya da hanta da ƙundu duk abin ci ne. Ka cire maɗaciya daga jikin hanta da ɗan nama a kewayenta kamar yadda ake yi wa ta kaza. Ƙundun ya kai dunƙulen hannun yaro, cike da tsakuwa, ka tsaga ka ɓare rawayar fatar ciki. Ka sa safar hannu ta roba a duk wannan aikin. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 tana yawo a tsuntsayen dajin Arewacin Amurka tun ƙarshen 2021, don haka tsuntsun da ka ga ya rame, ko kansa ya yi ƙuraje masu yawa, ko hantarsa ta yi ɗigo-ɗigo, ka kira hukumar kula da namun daji maimakon ka kai shi kicin. Ka kuma duba jikinka da daddare saboda kaska. Kaskar dazukan Wiskonsin tana ɗauke da cutar Laim, kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai, wata ba ta wuce ƙwayar riɗi ba.

Figa ko fiɗa

Mu da muka tashi a gidajen da ake fige kaza a babbaka ta, cire fata yana mana kama da asara. Kuma akwai gaskiya a ciki, domin ɗan kitsen da tsuntsun ke da shi a ƙarƙashin fatar yake, kuma ita ke kare ƙirji daga bushewa a kan wuta. Idan ka samu ɗan shekara ɗaya, wanda za ka gane da gajeren gemu da ƙayar da ba ta wuce ƙwayar wake ba, da kuma gashin tsakiyar jela da ya ɗara sauran tsawo, ya cancanci wahalar figa.

Hanya biyu ce. Ko ka fige shi a bushe tun yana da ɗumi, kana cizgar gashi kaɗan-kaɗan, domin fatar ƙirji saurin yagewa gare ta, musamman inda ƙwaya ta huda. Ko ka tsoma shi a ruwan zafi. A nan ne hannun da ya saba da kaza ke yin kuskure, ya zuba tafasasshen ruwa. Ruwan da ake so digiri 60 zuwa 65 ne. Ka riƙe ƙafafu ka tsoma kana jujjuyawa na kamar rabin minti, ka gwada jan dogon gashin fiffike, in ya zare ba gardama to ya isa. Za ka buƙaci tukunya irin ta biki. Kuma tsoma tsuntsu a ruwa ya fi tsabta idan ba a riga an buɗe cikinsa ba, shi ya sa shawarar figa ko fiɗa tun a daji ake yanke ta. Wanda ka riga ka fasa, ka fige shi a bushe ko ka feɗe.

Ni dai tsohon namiji feɗe shi nake yi, cikin minti ashirin an gama. Ka tsaga fata a kan ƙashin ƙirji, ka sa hannu biyu ka yaye ta hagu da dama har cinyoyi su bayyana. Ka bi gefen ƙashin da wuƙa daga sama zuwa ƙasa, bakinta yana gogar ƙashi, ɗaya hannun yana janye tsokar. A sama za ka ci karo da ƙashin nan mai kama da gwafa, ka zagaye shi. Kowane ɓari na babban namiji yakan haura kilo ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai wata siririyar tsoka mai laushi da farar jijiya a tsakiya, ka ware ta daban, ita ce rabon mai fiɗa.

Sai ƙafafu. Ka yaye fatar har gwiwa, ka danna cinyar baya da ƙarfi har ka ji gaɓar ƙugu ta ɓalle, ka bi ta wurin da wuƙa kana manne da ƙashin baya don kada ka bar ɗan dunƙulen naman da ke cikin kwarmin ƙugu. Ba ka buƙatar sara ko ɗaya, kuma ina roƙonka ka bar adda ta huta: ƙashin tsuntsu in an sare shi tsinke-tsinke yake yi a cikin miya. Kowace gaɓa wuƙa na raba ta idan ka lanƙwasa ka ga inda ta buɗe.

A nan zan ɗan yi ƙorafi. Na sha ganin mafarauta sun yanke ƙirji sun jefar da sauran tsuntsun a bakin gona, wai ƙafafun ba sa ciwuwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na naman ke nan, kuma a bakina shi ne mafi daɗi. In ka ga abokanka za su yar da nasu, ka roƙa. Ƙashin baya da wuya da fukafukai ma ka haɗa, romo ne.

Neman ƙwayoyin harsashi

Kafin nama ya shiga firij, ka ɗaga kowane yanki ga haske. Duk inda ka ga ɗan rami ko taruwar jini, ka bi shi da tsinin wuƙa. Sau da yawa ƙwayar takan ja gashi ta shige da shi, sai ka zaro wani baƙin zare, ita kuma tana ƙarshensa. Ka yanke naman da ya yi baƙi a kewayen. Idan harsashin na dalma ne, ka yanke da ɗan faɗi, domin dalma guba ce, musamman ga yara da masu ciki, kuma saboda illarta ga namun daji ne jihar Kalifoniya ta hana farauta da ita gaba ɗaya tun 2019. Yanzu da yawa sun koma harsashin ƙarfen tangistin, wanda ƙwayoyinsa ƙanana ne sosai kuma ba sa lotsewa. Haƙori ne ke lotsewa.

Hutawa, gishiri, wuta

Kada ka dafa shi a ranar in kana da zaɓi. Bayan mutuwa tsoka takan sandare na wasu sa'o'i, naman da aka dafa ko aka daskarar a wannan hali tauri yake yi. Ka sa shi a firij mai sanyin digiri 4 ko ƙasa, a rufe, a can ƙasa inda ba zai ɗiga kan wani abinci ba, kwana ɗaya zuwa biyu. Abin da ba za ka ci ba a lokacin ka naɗe shi sosai yadda iska ba za ta shiga ba, ka rubuta kwanan wata, ka sa firiza. Ka ware ƙirji daban, ƙafafu daban. Na san ba za ka iya dafa nama ba ka wanke ba, ni ma haka, amma ka wanke a cikin roba maimakon ƙarƙashin famfo mai fantsama, sannan ka wanke wurin da wuƙar da katakon da sabulu.

Ƙirjin yana son jiƙo a ruwan gishiri: giram 50 zuwa 60 a kowace litar ruwa mai sanyi, ya kwana a firij. Gishirin yana sa tsokar ta riƙe ruwanta a kan wuta. Da safe ka ɗauraye, ka tsane, ka yanka shi kana gitta wa zaren naman, falle-falle masu kaurin yatsa. Daga nan hanya mafi kyau da na sani ita ce tsire: man gyaɗa, yajin ƙuli, garwashi mai zafi, mintuna kaɗan kowane gefe. Ka rage gishirin yajin tunda naman ya riga ya sha. Hukumar aikin gona ta Amurka ta ce naman tsuntsu ya kai digiri 74 a tsakiyarsa, wato 165 a ma'aunin da za ka gani a kantunan nan. Ka sayi ɗan ma'aunin zafin nama, ba shi da tsada, ka sauke da zarar ya kai. Minti biyar na ƙari shi ne tsakanin tsire da takalmi.

Ƙafafun kuwa farfesu suke so, kuma ba na gaggawa ba. Albasa, tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro, attarugu, daddawa in kana da ita, ruwa ya rufe naman, wuta can ƙasa, awa uku zuwa huɗu. A tukunyar matsin tururi kamar awa ɗaya da kwata. A awa ta biyu za ka taɓa ka ji kamar roba, ka ce an cuce ka. Rufe tukunyar ka ba ta lokaci. Jijiyar da ke sa taurin ita ce ke narkewa ta ba romon kauri, har ya daskare kamar kamu in ya huce. Abin da ba ya narkewa shi ne jijiyoyin ƙwauri, waɗanda a talotalo suke zama ƙashi, sirara dogaye kamar tsinken tsintsiya. Idan naman ya nuna, ka tsamo ƙwaurin a faranti ka zare su ɗaya bayan ɗaya kafin ka mayar, musamman in yara za su ci. Naman da ka zare wa jijiyoyin kuma, in ka daka shi ka soya, dambun nama ne da ya fi na kaza ƙamshi. Shi nake ba ka shawara maimakon kilishi, domin naman tsuntsu da aka shanya ɗanye yana iya riƙe ƙwayar cutar salmonela, dambu kuwa sai da ya dahu kafin ya ga mai.

Duk abin da na faɗa a kan talotalon dazukan arewacin ƙasar Amurka ne, inda safiyar Mayu ke da sanyi. Wanda ke farauta a jihohin kudu masu zafi kamar Teksas ko Fulorida sai ya rage lokutan jira da na ambata, ya tafi da kula cike da ƙanƙara tun daga gida. Kai ma ka tafi da ita, da wuƙa biyu, da safar hannu, da ledoji masu zif. In kana son ajiye gemun, ka kama shi daga tushe ka yanke da ɗan fata, ka barbaɗa gishiri a wurin yankan ya bushe. Ranar da za ka kira 'yan'uwa cin farfesun, ka gaya musu tun kafin a sa hannu cewa naman harbi ne, su tauna a hankali. Duk iya binciken da nake yi, shekaranjiya ma sai da wata ƙwaya ta yi ƙara a gindin kwanona.